Rigar Aniello

Daren Laraba a lungunmu na Napoli
kowace taga shuɗiya ce da hasken talabijin.
Wasan 'yan daba ake nunawa, kashi na tara,
ƙanwar mai kisan tana rusa kuka gaban alƙali.
Mamma ta ajiye cokali, ta ja tsaki:
"Wannan ba ta taɓa yi ba. Ba haka ake yi ba."

Ni na taɓa yi.
Ko ƙwalla ban zubar ba.

Shekara shida ke nan, daren da aka kwana ruwa,
Aniello ya shigo ƙarfe ɗaya saura,
bai kunna fitila ba.
Ya tuɓe riga ya miƙo mini a duhun kicin
kamar yadda yake miƙo wandon makaranta
in ya faɗa kwata muna yara.
Ban tambaya ba.
Ruwan sanyi, haka kakata ta koya mini,
na zafi dafa jini yake a cikin zare.
Gishiri, lemon tsami, sabulu, sai cuɗa,
har yatsuna suka koma fari kamar cikin kifi.

Gari na wayewa na shanya ta
a igiyar da ta haɗa tagarmu da ta Donna Filomena.
Igiyar ta cije, ita ta ja mini daga can,
tana tambaya ko na ji shigowar Sabatino,
wai gadonsa ko lotsawa bai yi ba.

A ofishin 'yan sanda na ce yana gida,
ya ci taliya da wake faranti biyu,
barci ya kwashe shi a kujera da takalmi a ƙafa.
Takalmin ne ya sa suka yarda.
Ƙarya in ta sa takalmi, tafiyarta take yi.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar,
in ji Mamma, ranar kaɗai da ta taɓo zancen,
tana yanka albasa, ta ba ni baya.
Ba ta ce komai ba kan mai ɗauke da hannun,
wadda ke kwana da warinsa a hanci.

Sau uku na durƙusa gaban Fada Gaetano.
Na ce na yi gulma. Na ce na yi fashin coci.
Ya yafe mini abin da na kawo,
na koma gida da abin da na je da shi.

A talabijin, kafin kashi na goma sha biyu
wani zai yi magana, kiɗa ya tashi, a sa ankwa.
A nan Aniello gyaran babur yake yi,
ya yi tumbi, yana da 'ya'ya mata biyu,
ƙaramar sunana ta ci.
In na ɗauke ta, yakan dubi ƙasa.

Bara takarda ta zo wa Donna Filomena daga kotu.
Idonta ya yi rauni, ta kira ni ta taga:
"Nunziata, zo ki karanta mini."
Na zauna ƙarƙashin hoton Sabatino
na karanta mata, kalma bayan kalma,
cewa an rufe bincike don babu shaida.
Muryata ba ta yi rawa ba.
Ta ninke takardar, ta ce na rame,
ta cika mini leda da lemo daga tukunyar barandarta.
Na karɓa. Har godiya na yi.

Rigar kuwa ta tsufa, wuyanta ya cinye.
Mamma ba ta yar da komai:
ta yayyanka ta tsumma huɗu.
Ɗaya na nan a kan talabijin,
da shi take goge gilashin duk Laraba
kafin a fara,
don mu ga fuskokinsu da kyau.